Inuwar Bakolori da Hawan Jinin Gwaggona

 Yanzu da wuya ki leƙa gida ba ki tarar da uwa ko kaka mai fama da hawan jini ba. Likitoci sun ce idan awo ya riƙa kai 140 bisa 90, to ciwon ya kama. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2023, ta ce manya wajen biliyan 1.3 ke ɗauke da shi, kusan rabinsu ba su ma sani ba.

A ƙasar Japan, tun 1982 hukumar gandun daji ta fara kiran mutane su riƙa shiga cikin itatuwa suna shan iska, abin da suke kira wankan daji. A 2015 masana na Jami'ar Chiba suka gwada magidanta masu hawan jini, suka ga tafiyar 'yan mintoci cikin daji ta fi ta cikin gari rage musu bugun zuciya da sanyaya rai. Idan hankali ya kwanta, jijiyoyin jini sukan saki.

Da wannan labari na sauka Talata Mafara duba Gwaggona, wadda ciwon ya matsa wa. Ban rufe baki ba ta riƙe haɓa.

"Ke ɗiyag ga, mi kic ce? Daji? Wa ka shiga daji yanzu?"

Wallahi sai jikina ya yi sanyi. A Fabrairun 2021 aka kwashi 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, cikin wannan ƙaramar hukuma, aka yi daji da su. Dajin Sububu na ƙasar Maradun kuwa sunansa kaɗai ya isa ya hana uwa barci. Abin da ya zama magani a Japan, a nan shi ke tayar da ciwon.

Amma ai daji ba shi kaɗai ke da itace ba. Washegari da hantsi, bayan yayana ya tambayi lafiyar hanya, muka ɗauki Gwaggo muka nufi Bakura ta cikin gonakin noman rani. Shinkafa kore shar, ruwa na gudu a magudanai, balbelu fari fat. Muka shimfiɗa tabarma gindin wani mangwaro kusa da manoma. Gwaggo ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa, ta ja numfashi.

"Gwaggo, yaya kan naki?"

"Bari ke dai, ɗiyata. Rabona da jin kukan kurciya haka tun ina amarya."

Duk ruwan nan daga madatsar Bakolori yake fitowa, wadda aka kammala a 1978 kan Gulbin Sakkwato, ta wajen Maradun. Can muka wuce bayan azahar. Ruwa iya ganinki, masunta cikin kwale-kwale, iska na kaɗawa mai sanyi. Gwaggo ta ba mu labarin rikicin 1980, lokacin da manoman da ruwa ya cinye wa gonaki suka tayar da ƙayar baya kan diyya, aka rasa rayuka da yawa. Kafin la'asar sakaliya muka juyo, don ba a yin dare a hanya. A daren nan ta yi barci har da minshari, amma sai da ta haɗiyi ƙwayarta tukuna.

To 'yar uwa, inuwa ba ta maye gurbin magani da awo da rage gishiri. Sai dai tana taimakawa. Ki duba Innarki: daga murhu sai tunani. Ki karɓe mata girkin yamma, ki kai mata tabarma gindin darbejiya ko dalbejiyar maƙwabta, ki zauna ku yi hira. In da fili a gidanku, ki dasa itace ko guda.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya dawo mana da dazuzzukanmu cikin aminci, amin.