Rediyon Da Na Karɓa Da Murna

Mu masu sharhin fim mun saba da wani salo: idan jaruma ta yanke ƙauna da rayuwa, sai a nuno ta ta zabga tagumi, a sako kiɗa mai taushi, kowa ya gane inda aka dosa. A zahiri kuwa ba mai sako maka kiɗa.

Ina aji biyar a makarantar kwana, akwai abokina da mu ke gado ɗaya, shi a sama ni a ƙasa. Bayan rasuwar mahaifinsa ya daina buga ƙwallo, abinci ma sai an matsa masa. Wata Asabar ya raba mana kayansa, ni ya ba ni rediyonsa. Wallahi murna na yi!

Malamin da ke kula da ɗakin kwananmu ne ya ga rediyon a hannuna, ya tambayi inda na samu. Da na faɗa masa, sai ya ja yaron gefe. Bai yi masa faɗa ba, bai fara da zancen wuta ba. Cewa ya yi, "Faɗa mini gaskiya, ka na tunanin kashe kanka ne?" Abokina ya fashe da kuka. Daren nan Malam bai bar shi shi kaɗai ba. Da safe ya kira kawunsa, aka kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Yau 'ya'yansa biyu.

Na tuna da wannan malami da na kalli 13 Reasons Why, shirin Amurka da Netflix ta fitar a 2017. A can yarinyar ta je har ofishin mai ba ɗalibai shawara, ta yi masa hannunka-mai-sanda, ya bari ta fita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma hakan na cikin manyan sanadin mutuwar 'yan shekara 15 zuwa 29, wato sa'o'in yaran da ke gabanku, malamai. Masana sun nuna cewa tambaya kai-tsaye ba ta cusa wa yaro tunanin.

Don haka in ɗalibi ya janye jiki, ko ya fara rabon kaya, ko ya ce gara ya mutu ya huta, don Allah kada a ce iskanci ne ko neman suna. A tambaye shi, a saurare shi, a kai shi asibiti.

Rediyon na nan a wajena. Ya ce in riƙe.