Littafin Auta a Gaban Tsohuwa

A Fakku, cikin ƙasar Kebbe, can kudancin Jihar Sakkwato, akwai wani tela wanda bai san boko ba sai da ya girma. Ya yi karatun allo tun yana yaro, sa'an nan noma da ɗinki suka ɗauke shi. Yana da aure aka buɗe ajin yaƙi da jahilci, ya shiga, ba don kome ba sai don ya gaji da kai wasiƙarsa wurin yaran makaranta su karanta masa, gobe ya ji asirinsa a bakin kasuwa. Da yawa suka fara tare, da yawa kuma suka karɓi takardar shaida. Amma bayan 'yan shekaru, in ka miƙa wa yawancinsu jarida sai su ce idonsu na ciwo. Ba idon ba ne. Karatu ne ya gudu, domin ba su sami abin da za su riƙa karantawa ba. Shi telan yakan ce karatu kamar keken ɗinki yake, in aka jingine shi damina ɗaya ba a taka ba, sai ya cije.

Abin da ya tsare masa nasa littattafai ne da ke cikin wata adaka ƙarƙashin gadonsa. Na farkonsu Magana Jari Ce, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta, aka buga a Zariya kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Wata bakwai ya yi kafin ya ƙare kashi na ɗaya, yana bin layi da yatsa kusa da fitilar kwai. Da ya ƙare, ya san Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa da Waziri da akun nan mai labari kamar yadda ya san mutanen unguwarsu. Har Wazirin ma ya ba shi kamannin wani mai karɓar haraji da ya taɓa tsananta wa mahaifinsa.

To, wata shekara ya tafi cin rani Sakkwato, yana ɗinki a rumfar wani maigidansa. A nan ya fara ganin talabijin. Da dare akan fito da ita tsakar gida, a kalli Idon Matambayi na gidan talabijin ɗin Sakkwato, da Samanja na Kaduna. Ran nan aka ce za a nuna Magana Jari Ce, wanda gidan talabijin na Kaduna ya mai da wasa, har da su Ƙasimu Yero a ciki. Tela ya yi wanka ya zo ya zauna gaba. Wasa ya yi kyau, jama'a na ta dariya, shi kaɗai ya tashi da ɗacin rai. Aka tambaye shi dalili, ya ce ba su ba ne. Su wa? Mutanen da ya sani. An kawo masa baƙi an ba su sunayen abokansa. Maigidan, wanda bai taɓa buɗe littafin ba, ya ce shi kam bai ga aibu ba. Daga baya ma da tela ya karanta masa wani labari daga ciki, sai ya ce ai ba haka aka yi ba a talabijin. Watau kowa abin da ya fara gani shi ne mudunsa, da shi yake auna na biyu.

Shekaru suka wuce. Tela ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, saura autarsa, yarinya 'yar shekara goma sha huɗu wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa, don haka ba ya kiran sunanta, Uwata yake ce mata. Ta ƙare firamare, amma karatunta na tuntuɓe ne, in ta kai ƙarshen layi ta manta farkonsa. Ya sha miƙa mata littattafan adaka, ta juya shafi biyu ta ajiye. Abin da ke ranta shi ne wani wasan Hausa mai dogon zango, irin wanda ake nunawa mako mako. Tun da aka buɗe tashar Arewa24 a 2014 aka fara su Daɗin Kowa, irin waɗannan wasanni suka yawaita, kuma ba sai gida na da talabijin ba. A wurin mai cajin waya ake tura su cikin waya, 'yan mata biyar su haɗa kai bisa gilashi ɗaya wanda bai fi tafin hannu ba.

Ran nan wanta ya komo daga Sakkwato da tsaraba, cikin tsarabar har da wani ɗan littafi mai laushin bango, da hoton wata 'yar wasa a kai ta yi tagumi. Labarin wasan nan ne da Auta ke so wani ya zauna ya zuba a takarda. Kwana uku ba a ji ɗuriyarta ba. Tuwo ya kama a tukunya, akuya ta shiga rumfar dawa, ita tana bayan ɗaki bakinta na motsi. Da ta ƙare ta ba ƙawayenta, aka yi ta karɓa karɓa har bango ya fita.

Hukuncin 'yan matan nan abin saurare ne, ko da yake manya ba su cika sauraronsa ba. Ba su tambaya ko labarin ya yi ma'ana, ko Hausar ta tsaya. Wasan suke riƙe da shi a ka, suna bin littafin kamar mai bin bashi. Wurin da kishiyar uwa ta zubar da abinci, yana nan? Yana nan. Maganar da saurayin ya yi a bakin mota fa? An canja ta. Sai rai ya ɓaci, a ce marubucin maƙaryaci ne. Wata ta ce an rage faɗan da aka yi ranar biki, saboda haka littafin bai cika ba, kamar an sayar mata da mudu an danne gindinsa. Duk da haka ba wadda ta ajiye shi ba ta kai ƙarshe ba, har da masu zaginsa.

Labari ya kai kunnen wan tela, dattijo mai zafi, wanda Auta ke kira Baba Babba. Ya zo rumfa da littafin a hannu, ya riƙe shi da yatsa biyu. Bai buɗe ba, hoton bango ya ishe shi shaida. Ya ce, "Wanga ba littafi ba na, wasan akwati na anka zuba cikin takarda. A ƙone shi tun bai ɓata muna ɗiya ba." Ya kawo hujja cewa ko a Kano an yi haka. Gaskiya kuwa ya faɗa, domin a 2007 hukuma ta sa an ƙona tarin littattafan soyayya a wata makarantar 'yan mata a can.

Tela ya yi shiru, ƙafarsa bisa keke ba ta takawa. Shi ma a ransa bai ga littafin da daraja ba. Amma sai ya tuna da abin da ke cikin adakarsa. Ban da Magana Jari Ce, akwai Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, wanda aka buga a 1980. Me ya sa ya saye shi? Domin ya daɗe yana jin wasan a Rediyon Kaduna, ya so ya riƙe shi a hannu. Ashe abin da yarinya ta yi, shi ya riga ta yi. Al'amarin kuwa ya girme su duka biyu. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi sai da aka ji su a rediyo kafin a buga Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Wani lokaci kuma takarda ke riga, kamar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 aka mai da shi fim a 1976, ko In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda matasa suka yi ta rububinsa kafin a yi fim ɗinsa a 1994. Hanya ce mai zuwa da komowa, an daɗe ana bin ta.

Kuma akwai abin da ya fi wannan nauyi a zuciyarsa. Wannan ne littafi na farko da Auta ta karanta daga fari har ƙarshe ba da bulala ba. In aka ƙone shi a gabanta, wa ya san ko za ta sāke buɗe wani? Ya ga yadda karatu ya gudu daga hannun abokan ajinsa, bai so ya ga haka a gidansa ba.

Sai ya ce, "Yaya, a yi haƙuri. Ba a yanke ma mutum hukunci ba a ji bakinai ba. A kai shi gaban Inna. Ita ba ta taɓa ganin wasan ga ba. In ta gane labarin, kuma ba ta ji abin kunya ciki ba, littafi na, a bar shi. In ba ta gane ba, ka yi yadda ka so." Dattijo ya yarda, domin ya tabbata tsohuwa ba za ta kai rabin shafi ba.

Mahaifiyarsu ta haura tamanin, idonta ya yi hazo, amma kunnenta da hankalinta garau. Bayan sallar lisha aka shimfiɗa tabarma ƙofar ɗakinta, Auta ta zauna da tocila, 'ya'yan tsohuwa biyu suka koma gefe. Yarinya ta fara, murya na rawa. Ba ta yi nisa ba tsohuwa ta ɗaga hannu.

"Tsaya, takwara. Wa ka magana yanzu?"

"Saurayin na, Inna."

"Shi wanga saurayi, dogo na ko gajere? Ɗan wa ne? Mi yaka yi na sana'a?"

"Inna, ai kowa ya san shi."

"Ni ban san shi ba."

Auta ta juya shafi gaba, ta juya baya, ba ta sami inda aka faɗi kamanninsa ba. A nan aibin littafin ya fito fili, aibin da 'yan mata ba su taɓa gani ba. Marubucin ya dogara ga fuskokin 'yan wasa. Ya san masu sayen littafinsa sun riga sun ga gidan, sun ga motar, sun ga hararar kishiyar uwa, saboda haka bai wahalar da kansa ya siffanta kome ba. Magana kawai ya jera, wane ya ce, wance ta ce, kamar mai lissafin bashi. Wanda ya ga wasan yana cike giɓin da idonsa bai sani ba. Wanda bai gani ba kuwa an bar shi cikin duhu. Wannan ha'inci ne ƙarami, irin na telan da ya ƙi yin kalmasa a cikin riga domin ya san ba a gani. Baba Babba ya yi gyaran murya, ya dubi ƙanensa.

Dare na biyu ma haka aka yi ta tsayawa ana tambaya, har tsohuwa ta yi gyangyaɗi. Tela ya fara fid da rai.

A dare na uku aka iso wurin da aka kai yarinyar labarin gidan mijin da ba ta so. A wasan, in ji Auta, an nuna ta zaune bakin gado tana hawaye, aka sa kiɗa, shi ke nan. Amma a nan marubucin, ko don Allah ya buɗe masa, ko don ya rasa maganar da zai kwafa, sai ya shiga cikin zuciyarta har shafi huɗu. Ya faɗi yadda take jin muryoyin 'yan rakiya suna nisa, yadda ta tuna ta bar tsintsiyarta a bayan ƙofar ɗakin uwarta, ta yi ta tunanin wa zai yi shara gobe, yadda ta ƙirga azarar rufin ɗaki don kada ta yi kuka da ƙarfi. Auta ta karanta wurin nan ba tuntuɓe ko ɗaya. Tsohuwa ba ta tsai da ita ba. Da aka kai ƙarshen babin aka yi shiru, sai kukan gyare. Can ta ce, "Wanga ya san abin da yaka faɗi. Ni tulu na tuna." Ba wanda ya tambaye ta wane tulu. 'Ya'yanta, masu furfura su biyu, suka sunkuyar da kai, domin ba su taɓa jin ta ambaci daren da aka kawo ta gidan ubansu ba.

Abin mamaki, shafuffukan nan huɗu su ne ƙawayen Auta suka fi ƙi. Sun ce ƙari ne, babu shi a wasan, wasu ma tsallake shi suka yi.

Da safe tsohuwa ta yanke hukunci. Ta ce mai littafin rago ne, ya tara mutane bai gabatar da su ba, kuma da ɗanta ne da ta sa ya sāke. Abin kunya kuwa ba ta ji ba, sai dai surutun samari wanda bai fi na dandali ba. Amma ba za a ƙone shi ba, saboda daren nan. Baba Babba ya ce ai sharaɗi shi ne ta gane labarin duka. Ta ce da shi, "Ni na haife ka ko kai ka haife ni?" Magana ta ƙare.

Tela ya karɓi littafin, ya yanko ƙyallen atamfa ya ɗinke masa sabon bango, hoton 'yar wasa ya shige ciki. Ya sa shi cikin adaka, ya ba Auta mabuɗin. Bayan kwana kaɗan ya ga ta ɗauki Magana Jari Ce kashi na ɗaya. Ta yi ƙorafi wai Hausarsa ta tsofaffi ce, kuma ba ta san fuskar kowa a ciki ba. Ya ce ta yi musu fuska da kanta. Bai gaya mata labarin mai karɓar haraji ba.

Sai dai littafin nan kashi na ɗaya ne, a ƙarshensa an rubuta a nemi na biyu. An aika Sakkwato, an aika Tambuwal, an tambayi direbobin da ke zuwa Kano, ba a samu ba. Tsohuwa kuwa kullum sai ta tambaya yaya yarinyar nan ta ƙare a gidan mijin. Auta ta ce ai ita ta ga wasan har ƙarshe, bari ta ba ta labari. Tsohuwa ta kaɗa kai, ta ce, "A'a, takwara, wancan na akwati na. Ni na takardar nika jira."