Awa Biyun Da Aka Yanke

'Yan uwa, musamman waɗanda neman halali ya raba su da gida kamar yadda ya raba ni da Maraɗi. Yau hirar fim na kawo muku, kuma ina roƙon dattawanmu su yi haƙuri su bi ni zuwa ƙarshe kafin su ce wane ya girma bai daina kallon dodanni ba.

Fim ɗin da nake nufi shi ne The Lord of the Rings, wanda Peter Jackson ya shirya a ƙasar New Zealand daga littafin J.R.R. Tolkien, ya fito kashi uku a 2001, 2002 da 2003. Labarin wani zobe ne mai mugun asiri, wanda duk ya riƙe shi sai ya ɓata masa zuciya, da wani ɗan tsurut mai suna Frodo da aka ɗora wa nauyin kai shi dutsen wuta ya jefa. A 2004 na fara ganinsa a nan Bauchi, a faifan VCD, a ɗakin wani abokina a Unguwar Jahun. Dare huɗu muka yi kafin mu gama, saboda halin NEPA da kowa ya sani.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne fim ɗin iri biyu ne. Akwai wanda aka nuna a silima, akwai kuma dogo da aka fitar a faifan DVD daga baya. Na silima kashi na ɗaya minti 178 ne, na biyu 179, na uku 201. Dogon kuwa 208, 223 da 251. In ka haɗa, awa 9 da minti 18 ke nan a gefe guda, awa 11 da minti 22 a ɗaya gefen. Wato awa biyu da 'yan mintoci aka ɓoye mana, mu kuwa muna ta bugun ƙirji mun kalli fim.

A kallon farko babu waɗanda na tsana kamar wa da ƙani, Boromir da Faramir. Wan ya yi yunƙurin ƙwace zoben daga hannun Frodo, alhali an ba shi amanar rakiya. Ƙanen kuma da ya kama Frodo a kashi na biyu sai ya tisa ƙeyarsa zai kai wa ubansu. Na ce wa abokina ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kwaɗayi a jininsu yake.

Sai a 2007 wani ɗalibin ATBU da ke sayayya a wajena ya ara mini dogon. A cikinsa akwai fitowa guda da babu ita sam a na silima. An koma baya an nuna ranar da Boromir ya ƙwato birnin Osgiliath, yana murna da ƙanensa, sai ga ubansu Denethor ya iso. Ya yaba wa babban, ya muzanta ƙaramin a gaban jama'a, sannan ya ja Boromir gefe ya umarce shi ya tafi ya kawo zoben gida ko ta halin ƙaƙa. Boromir ya nuna ba ya so. Faramir ya ce a tura shi, uban ya yi masa kallon banza. Fitowar ba ta wuce 'yan mintoci ba, amma ta juya mini labarin gaba ɗaya. Ashe wan saƙon uba yake ɗauke da shi, ƙanen kuma neman ranar da uba zai ce masa madalla yake yi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa dogon ya fi ta kowace fuska. A kashi na uku, dogon ya nuna rundunar matattu ta amince za ta bi Aragorn tun kafin yaƙi, don haka lokacin da suka ɓullo daga jiragen ruwa babu sauran mamaki. A nan na silima ya fi. Amma shi ma na silimar ya yi aika-aika da ya yanke mutuwar matsafi Saruman, har marigayi Christopher Lee da ya fito a matsayinsa ya ji haushi ƙwarai. Mugun da aka yi fim biyu ana fama da shi, sai kawai aka bar shi a kulle a hasumiya. A taƙaice dai, na silima ya fi gudu, dogon ya fi faɗin dalili. Kuma kashi na uku na silimar ne ya lashe kyautar Oscar 11 a 2004, don haka ba abin rainawa ba ne.

To, ga abin da ya sa na ɗauko wannan zance. Ni da Yayana tare muka zo Bauchi a 2002. Shi mahaifinmu ya sayar da gona ya ba shi jari, ya buɗe shagon yadi a kasuwar Wunti. Ni kuma na kama yaron shago a kasuwar Muda Lawal. A ƙarshen 2005 shagon Yaya ya mutu murus, ya tattara ya koma gida ko sallama bai yi wa mutane ba. Maganar da ta zagaya cikin 'yan garinmu ita ce ya cinye gonar uba. Ni ma na faɗa, har a wajen ɗaurin aure na faɗa, don kada a haɗa ni da shi. Shekara huɗu gaisuwar Sallah kawai ke tsakaninmu.

A 2009 mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Ranar sadakar bakwai kawunmu ya kira ni zaure ya ce, "Ɗana, ka san inda jarin wanka ya tafi?" Na ce kowa ma ya sani. Ya ce, "Ba ka sani ba." Mai karatu zai tuna yunwar da ta afka wa Nijar a 2005, bayan fari da fara na 2004, kuma jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi tsanani. Ashe duk wata Yaya yadi yake karyarwa ya sayi gero ya aika, gidanmu da gidajen ƙannen babanmu uku suna ci. Tsohon ne ya ɗaure shi da alƙawari kada ya gaya wa kowa, don kada a ce gidansa ya yi bara, kuma ya ce ni a ƙyale ni tunda sabon aure gare ni. Ina zaune kan tabarma sai fuskar Boromir ta faɗo mini a rai, na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Da na je wajen Yaya na ce, "Yaya, ka yafe mini," sai ya ce, "Me ka yi mini? Kai dai ka ci tuwo?" Har yau bai taɓa ta da maganar da bakinsa ba.

'Yan uwa, mu da ke zaman baƙunci kusan duk gajeren labarin juna muka sani: wane ya samu, wane ya karye, wane ya gudu gida. Mu kanmu in mun je ganin gida gajeren muke kaiwa, da sabuwar shadda da tsaraba, mu yanke bashi da kwanan shago. Ba na cewa kowa ya tona asirinsa, rufin asiri ma ni'ima ce. Abin da nake roƙo shi ne, in labarin ɗan uwa ya iso mana a gajarce, mu tuna akwai wanda ya yi yankan, kuma yana da dalilinsa.

Faifan nan na mayar wa mai shi tuntuni, amma na sayi nawa. Bara da Yaya ya zo Bauchi ganin likita na kunna mana fitowar Osgiliath, ina fassara masa. Ya kalla har ƙarshe ya ce uban nan bai kyauta ba, sannan ya tambaye ni ko an kira la'asar.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya haɗa kawunanmu. Wassalam.