Ki kai yara Gobarau, ku dawo da kalmomin Turanci biyar

Duk wanda ya tashi a birnin Katsina ya san Hasumiyar Gobarau, amma da yawa cikinmu wucewa kawai muke yi a cikin Keke Napep, ko ɗaga kai ba ma yi. Ginin ƙasa ne mai tsayin kusan mita 15, ba shi da nisa da fadar Sarki. Tarihi ya danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma ana ambaton Shehu Al-Maghili, wanda ya zo ƙasar Hausa wajen 1493, cikin labarin masallacin da hasumiyar ta kasance wani sashe nasa. A da masallacin Juma'a ne kuma cibiyar karatu, daga samanta ake kiran salla, ake kuma hango mahara tun daga nesa.

To, me ya haɗa wannan da Turanci? Ai garin nan bai taɓa raina harshen baƙo ba. Malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani sun yi fice a Larabci. Daga baya aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma har yau ana ba da labarin daɗin Turancin Ɓalewa. Tsohon ginin kwalejin yanzu gidan tarihi ne, kina iya haɗa shi da Gobarau a fita ɗaya.

Abin da ke damuna, 'yar uwa, shi ne abin da nake gani a wurin aiki. Yarinya ta gama sakandare, ta haddace kalmomi masu nauyi don jarrabawa, amma ki miƙa mata kwalbar maganin ƙaninta an rubuta "twice daily" ko "after meals", sai ta yi shiru. Sau biyu a rana, bayan cin abinci. Kuskure a nan ba faɗuwa jarrabawa ba ne, lafiyar yaro ce.

Kalmar da aka haddace daga takarda saurin gudu take yi. Wadda aka taɓa da hannu kuwa zama take yi. Shi ya sa wuri irin Gobarau ya fi littafi. Yaro ya dafa bango ya ji kaushinsa, ki ce masa "wall", ki ce "mud". Idan masu kula da wurin sun ba da izinin hawa, ku ƙirga matakala da Turanci, ya koyi "stairs" da "narrow" yana haki, ya kai sama ya ga rufin gidajen cikin gari ya ce "roof". Biyar ke nan. Kada ki ƙara ko ɗaya, ko da ya nuna zaƙuwa. Malamin makarantar allo ba ya ƙara wa almajiri karatu sai ya biya na jiya an wanke allon, kuma wannan dabarar ba ta tsufa ba.

Idan ke ma Turancinki bai yi nisa ba, kada ki ji kunya. Kin riga kin san fiye da yadda kike zato: tebur, bokiti, fensir, asibiti, likita, duk daga Turanci muka aro su muka sa musu rigar Hausa. Ki nuna wa yara asalinsu a wayarki, ku saurari yadda ake furta su tare. Za su yi dariyar yadda "bucket" ya koma bokiti, kuma abin da aka yi wa dariya ba a cika mantawa da shi ba.

Ku je da sassafe ko bayan la'asar, don ranar Katsina ba ta da wasa. Ki riƙe ruwan sha, ki riƙe hannun ƙaramin da kyau a kan matakala, ki kuma hana su kankare bangon da farce.