Ƙarfina Bai Fisshe Ni A Cikin Ruwa Ba



A rafin ƙauyenmu na koyi iyo, kuma tun ina ƙarami sa'o'ina suke kirana kifi. Saboda haka ranar da na fara zuwa tafkin ninkaya na 'yan gasa, da jiji da kai na shiga, ina ganin babu abin da za a koya mini. Tsawon tafkin mita 25 ne. Koci ya ce in yi mita 100, wato tsawo huɗu, ya kuma tsayar da ni kusa da wani yaro ɗan shekara 13, siriri kamar sillen kara.

Na yi ta dukan ruwa iya ƙarfina, kaina a sama kamar yadda muke yi a rafi. Ban gama tsawo na uku ba sai ƙirjina ya ɗau zafi, na shaƙi ruwa, na damƙi igiyar da ta raba layuka ina tari. Yaron kuwa tuni ya gama. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Koci ya tsuguna a bakin ruwa ya ce, "Malam, ƙarfi kam kana da shi, amma kokawa kake yi da ruwa." Ya bayyana mini cewa ruwa ya fi iska nauyi kusan ninki 800, don haka duk abin da ya ƙara faɗin jiki a cikinsa birki ne. Idan ka ɗaga kai, ƙugu da ƙafafu sai su nutse, ka zama kamar mai jan ƙyaure. Sannan ina riƙe numfashi, gurɓatacciyar iska tana taruwa a jikina, ita ce ke kawo wannan firgicin. Daidai shi ne ka riƙa fesar da iska ta hanci tun fuskarka na cikin ruwa, ka mirgina kai tare da jiki, ido ɗaya a nutse, ka zuƙa, ka mayar.

Ya sa muka ƙirga jan hannu a tsawo guda: ni 31, yaron 17.

Mako shida na yi ban yi gudu ba. Kullum sai in kwanta a gefe guda, hannu ɗaya a miƙe, ina kaɗa ƙafa kawai, ƙananan yara suna wuce ni. Alal haƙiƙa sau biyu na yi niyyar dainawa. Bayan nan aka sa ni atisayen agogo: mita 100 sau goma, ana tashi duk bayan minti biyu da daƙiƙa 15. Abin da ya rage bayan ka taɓa bango shi ne hutunka. Wanda ya yi gaggawa a na farko, a na bakwai zai gane kurensa, kuma na gane nawa.

A lokacin ne na kalli tseren Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini a gasar Olamfik ta Sidni a 2000. Shi kaɗai ya yi iyon, domin an kori abokan karawarsa biyu, ɗan Nijar da ɗan Tajikistan, saboda sun riga ƙararrawa faɗawa. Ya gama mita 100 a minti ɗaya da daƙiƙa 52.72, kai a sama, da ƙyar. Pan Zhanle na Sin ya yi wannan nisa a daƙiƙa 46.40 a Paris a 2024. Jama'a na yi wa Moussambani dariya. Ni kaina na gani a jikinsa, ban iya dariyar ba.

A gasata ta farko na zo na biyar cikin shida, da minti ɗaya da daƙiƙa 24, jan hannuna ya sauko zuwa 21. Ina fitowa yaron nan ya miƙo mini tawul ya ce, "Yaya, ka yi ƙoƙari, amma har yanzu hannunka na hagu yana tsallake tsakiya." Na ce masa ya nuna mini gobe da safe.