Katakon bindigar farauta da aljihun ɗalibi: zare

1/ A tsohuwar bindigar farauta, katako ne ke cin kuɗi, ba ƙarfe ba. A nan Kanada za ka samu Lee-Enfield da aka datse a farashi mai sauƙi, amma ranar da katakonta ya tsage sai ka tarar kuɗin sabo yana neman kamo na bindigar gaba ɗaya. Ga yadda na zaɓi nawa ba tare da na taɓa kuɗin haya ba. 🧵

2/ Kafin a cika min akwatin saƙo: ina da lasisi. A Kanada sai ka yi kwas na kiyaye haɗarin makami, ka ci jarrabawa, an bincike ka, ka jira aƙalla kwana 28, sannan a ba ka PAL. Lasisin farauta kuma daban yake. A Najeriya ko kusa kada ka gwada, dokar makamai ta sa bindigar soja mai harsashin .303 cikin waɗanda aka haramta. Labarin Manitoba nake ba ku.

3/ Tawa No. 4 Mk I* ce, an buga Long Branch 1943 a gefen hagu. Long Branch masana'anta ce kusa da Toronto da ta ƙera su lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tana cin harsashi 10. A gida manya sun fi saninta da Mark 4. Kuma dangin Lee-Enfield ne mazan jiya suka rataya zuwa Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da yawansu Hausa suke ji. Wannan ya sa ban kallonta kamar sauran kayan gwanjo.

4/ Me ake nufi da datsewa? Bayan yaƙi an yi ta sayar da rarar bindigogin nan da arha. Ta soja tana da nauyi wajen kilo 4, katako ya lulluɓe bututun sama da ƙasa har kusa da baki. Mafarauci ba ya son wannan nauyin a dawa, sai ya sa zarto ya yanke katakon gaba, ya zubar da murfin sama da zobban ƙarfe. Wasu kamfanoni irin su Parker-Hale na Ingila sun yi aikin da tsafta. Wasu kuwa a gareji aka yi, kana gani ka san mai zarton yana sauri.

5/ Tawa ta gareji ce. Na saye ta wurin wani manomi da na yi wa aikin hutu. Katakon gaba ya tsage ta can baya, kusa da kunama. A mita 100 harsashi ɗaya ya je dama, na biyu ya yi sama, kamar kowanne da inda aka aike shi. Da irin wannan ba a zuwa farautar barewa. Raunata ta za ka yi ta shige daji ta mutu a wahale, kai ma ka koma gida hannu rabbana.

6/ Abin da da yawa ba su sani ba: katakon Lee-Enfield gida biyu ne. Akwai gindi, wanda kake tokarawa a kafaɗa, dogon noti ne ke riƙe shi ta ciki. Akwai na gaba, wanda bututun ke kwance a kai. Ba su haɗe ba, ƙarfe ne a tsakaninsu. Ma'ana ba dole ka sayi duka biyun ba. Tun daga nan rabin kuɗin ya koma aljihu.

7/ Kafin na kashe ko sisi a katako, na kai ta wurin mai gyaran bindiga ya duba ƙarfen. Ya leƙa cikin bututun, ya auna tazarar da ke tsakanin kan sakata da gindin harsashi. A No. 4 kan sakatar yana da lamba daga 0 zuwa 3, ana sauya shi idan tazarar ta yi yawa. Da ya ce min bututun ya cinye, da zancen ya ƙare a nan. Ya ce lafiya lau.

8/ Hanya uku ce a gabana. Ta farko, kuma wadda zuciyata ta so: in mayar da ita yadda ta fito a 1943, cikakken katako. Ga gwajin da ake yi. Duba bakin bututun, idan 'yan kunnuwan da ake maƙala banati suna nan, ba a yanke shi ba, tsawonsa inci 25.2 na asali. Duba kuma ko an huda jikin ƙarfen don ɗora madubin saiti. Idan an yanke ko an huda, manta da mayarwa, ko ka zuba dala nawa ba za ta koma ta asali ba.

9/ Tawa ba a yanke ba, ba a huda ba. Nan fa hankalina ya rabu biyu. Na zauna na yi lissafi: dogon katakon gaba, murfin sama guda biyu, zobba, notuna, garkuwar saitin gaba. Kowanne daga hannu daban, kowanne da kuɗin aikowa. Ya ninka dala 200 da na ware, ya ɗora. Kuma galibi launinsu ba ya zuwa ɗaya, sai ka ga bindiga kamar rigar da aka yi wa faci.

Akwai masu zagin duk wanda ya bar ta a datse, wai an wulaƙanta tarihi. Na fahimce su. Amma wanda ya sa zarton ya yi ne tun kafin a haifi babana, kuma ni nama nake nema a watan Nuwamba.

10/ Hanya ta biyu: na roba. ATI na yin saiti na gindi da gaba don No. 4. Amfaninsa a fili yake, ba ya kumbura a dusar ƙanƙara, ba ya tsagewa don an jiƙa shi. Amma abu biyu suka tsayar da ni. Gindinsa yana da tudu inda kunci ke kwanciya, an yi shi ne don mai amfani da madubin saiti. Ni da saitin ƙarfe na asali nake harbi, wanda ke ƙasa-ƙasa, sai in riƙa danne fuska kafin ido ya daidaita.

11/ Na biyun shi ne ainihin maganar zaren nan. Masana'antu da dama suka ƙera No. 4: Fazakerley, Maltby da BSA a Ingila, Savage a Amurka, Long Branch a Kanada, duk cikin gaggawar yaƙi. Babu katako, na roba ko na itace, da zai zauna daidai a kan kowacce daga fitowa daga kwali.

A cikin katakon gaba, can baya, akwai 'yan kafaɗu biyu da ƙarfen ke tokara idan bindiga ta yi harbi ta dawo baya. Idan sun matse, kuma babban notin da ke gaban gidan harsashi ya ɗaure, harsashi zai je inda ka aika shi. Idan sun saki, katakon zai riƙa motsi a kowane harbi har ya tsage. Abin da ya kashe nawa ke nan. Kyan katako a hoto ba ya gaya maka komai kan wannan wurin.

12/ Hattara da lamba: katakon gaba na Mk 2 ba irin na Mk I ba ne. A Mk I kunamar tana maƙale ne a jikin garkuwarta, a Mk 2 an mayar da ita jikin ƙarfen bindigar, don haka yankan bayan katakon ya bambanta. Na No. 1 Mk III kuwa wata duniya ce daban. Mai sayarwa da ya rubuta "Enfield" kawai, ka tambaye shi wacce.

13/ Odar kaya daga Amurka ma na duba. Canjin dala, kuɗin aikowa, haraji, sannan shaguna da yawa ba sa tsallako da kayan bindiga kan iyaka. Na rufe shafin.

14/ Hanya ta uku na bi, kuma dariya take ba ni. Mutanen nan masu mayar da bindiga asalinta, me suke yi da datsattsen katakon da suka cire? Yana jibge a kwali. A wani bajekolin bindigogi na tarar da kwali guda ƙarƙashin tebur. Na ɗauko ɗaya-ɗaya ina haska cikinsu da fitilar waya. Wanda ya sha mai har ya yi baƙi ya yi laushi, na ajiye. Mai ɗan layin tsaga a baya, na ajiye. Na shida na walnot ne, muni kamar me a waje, amma kafaɗunsa tsaf. Dala 40.

15/ Mai gyara ya ɗan kankare nan da can har ya shiga da matsi, ya tabbatar bututun ba ya gogar katako a gefe ɗaya. A ta soja bakin dogon katakon yana ɗan tokare bututun daga ƙasa, a datsattsiya babu wannan, don haka gara a bar shi sake. Kuɗin aikinsa ya fi na katakon, kuma ban yi ciniki ba.

16/ Gindin kuwa ban sauya ba. Sun zo da tsawo daban-daban, ana buga S a gajere, L a dogo, B a mafi gajarta. Nawa S ne. Da rigar shan iska ya yi min kaɗan, amma a Nuwamba da rigar sanyi uku a jiki daidai yake. Wanda zai sayi gindi ya gwada shi sanye da kayan da zai shiga daji da su.

17/ Na goge tsohon fenti, na shafa man linsid sau huɗu, kwana biyu tsakani. Tsumman da ka shafa man nan kada ka dunƙule shi a kwandon shara, yana iya kamawa da wuta da kansa. Shanya shi a waje.

18/ Ranar Asabar na koma filin gwaji. Harsashi biyar a mita 100, duka tafin hannuna ya rufe su. Jimillar abin da na kashe dala 150 da 'yan kai. Ragowar ta tafi a kwali ɗaya na harsashi mai taushin kai, don na soja mai cikakkiyar rigar ƙarfe ba a farautar barewa da shi.