Akwatin na Japan ne, amma muryar ta wa ce?

A Damargu ba a sayen raƙumi da bakin dillali. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar dabbobi ta Balbeji ko ta Tanut ya san yadda ake yi: a buɗe baki a dubi haƙori, a shafa tozo, a zagaya a nemi shaidar wuta da mai shi na farko ya ɗora masa. Amma mutanen nan da ba a iya cutarsu a kan dabba, da an ajiye musu tsohon akwatin lasifika mai sunan Pioneer ko Sansui ko National a gaba, sai su zaro kuɗi ba tare da sun leƙa ciki ba. Alhali akwatin katako ne kawai. Abin da ke magana shi ne kwanon nan mai takarda a gaba da maganaɗisu a baya, kuma shi ma yana da tasa shaidar ga wanda ya iya karantawa.

Rabon gado ne ya sa na koyi karatun. Kawuna ya yi aiki a Arlit a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyom ke yawo a ƙasar nan, ya dawo Tarka da akwatuna 2 na Pioneer da amfilifayarsu. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo ƙiyasta kaya, wani mai kiɗan biki ya taya su jika 60, ko jona su bai yi ba, suna kawai ya gani. A cikin magada akwai marayu ƙanana, don haka na ce a dakata in kwance su tukuna, saboda na tuna an taɓa kai ɗaya gyara Damagaram.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, tun a can Japan sunan da ke gaban akwati ba kullum ne yake nuna wanda ya ƙera kwanon ba. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su ƙera wa wasu a buga sunan mai saye. Babba a cikinsu shi ne Foster, wanda aka kafa a 1949, daga baya a 1973 ya fito da sunan Fostex. Ƙaramin kwanonsa mai lamba FE-103 ya shiga kasuwar Amurka a shagunan RadioShack da sunan Realistic, har yau masu tara tsofaffin kaya suna farautarsa da wannan sunan na aro. Saboda haka idan ka kwance akwati ka ga wani suna dabam a bayan kwano, kada ka yi saurin cewa an yi maka ha'inci. Yana iya yiwuwa haka ya fito daga masana'anta.

Wasu kuwa da hannunsu suke ƙera nasu. Pioneer da lasifika ya fara rayuwa: Nozomu Matsumoto ya ƙera ta farko a 1937, ya buɗe kamfani a Tokyo a 1938 da sunan Fukuin, sai a 1961 kamfanin ya koma Pioneer. Ke nan duk kwanon da ka ga an rubuta Fukuin a kansa, ya girmi yawancinmu. Matsushita kuma, wato gidan da ya haifi rediyon National da kakanninmu suka saurari BBC da Muryar Sahel da ita, shi ne mai Panasonic, shi ne mai Technics tun 1965. Lambobin kwanoninsa da EAS suke farawa, ko da wane suna ne a gaban akwatin. Galibi kuma adadin da ke cikin lambar faɗin kwanon ne da santimita: 16 ko 20 ko 25 ko 30. Wannan kaɗai ya isa ya tona asiri. Idan lamba ta ce 25, ka ɗora awo ka ga 20, to takardar lambar daga wani wuri aka ɓamɓaro ta.

Sai maganar shekara, a nan ne aikin yake da daɗi. Wasu masana'antun suna buga kwanan wata da lissafin sarautar sarkinsu, zamanin da suke kira Showa, wanda ya fara a 1926 ya ƙare a farkon 1989. Sai ka ƙara 25 a kan adadin ka samu shekararmu: 50 ita ce 1975, 53 ita ce 1978. To idan ka ga 55 fa, 1955 ce ko 1980? Maganaɗisun ne zai raba gardama, kuma labarinsa a nahiyarmu yake. Tsofaffin kwanoni masu daraja da yawa suna da maganaɗisun alniko, haɗin alminiyom da nikel da kobal, ƙarami ne, a ɓoye cikin wani ƙoƙon ƙarfe. A watan Mayun 1978 'yan tawaye suka faɗa wa Kolwezi a lardin Shaba na ƙasar Zayar, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da kobal a lokacin. Farashi ya ninka sau da dama, masu ƙera lasifika suka koma wa ferait, wato baƙin zoben nan mai faɗi da kowane yaro ya sani. An yi amfani da ferait kafin wannan rikici, amma bayansa ne alniko ya yi wuyar gani. Don haka 55 a jikin baƙin zobe ta fi kama da 1980.

Akwatin farko na kawu lafiya lau yake. Lambobin kwano sun dace da na takardar baya, dalmar da aka liƙe wayoyi da ita ta dushe da tsufa iri ɗaya, leɓen takardar kuma na ƙyalle ne da aka shafa wa danko. Wannan leɓe shi ya cece shi. Kwanonin da aka yi wa leɓen soso ba sa jure zafin bazarar Damargu, da ka taɓa sai su marmashe kamar tsohon ƙuli. Na ƙyalle kuwa sai dai ya bushe, ya ɗan yi tauri.

Na biyun tun kafin in gama kwancewa ya fara ba da labari. Ramukan kusoshi na asali suna nan fanko, an huda sababbi a gefensu. A jikin katakon akwai inuwar tsohon kwano, da'ira mai haske inda ƙura da rana ba su taɓa ba, sabon bai rufe ta ba. Wayoyin murɗe su aka yi aka naɗe da salatif. A baya babu lamba, babu ƙasa, sai wata takarda mai ƙyalli da ta ce wat 1000, ƙarya tsagwaronta a kan maganaɗisun da bai kai tafin hannun yaro ba. Na aro mita na auna: na asali ya ba da om 6 da 'yan kai, yadda kwanon om 8 ya saba bayarwa, baƙon kuwa bai kai 4 ba. Ma'anar wannan ita ce shekara da shekaru amfilifayar tana ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta a ɓangare ɗaya, shi ya sa take zafi kamar dutsen guga.

Ban cika ɗora wa mai gyaran laifin musanya ba. Ina zai samo kwanon Pioneer a Damagaram? Mai kaya kuma ƙara yake so, a ji shi daga bakin rijiya. Abin da na riƙe shi da shi guda ne: bai mayar wa kawu tsohon ba, bai kuma faɗa masa an canza ba. Kwanon da naɗin wayarsa ya ƙone ai bai mutu ba. Akwai masu sake naɗi a Damagaram da Maraɗi da Sabon Garin Kano, ƙarfen da maganaɗisun suna nan daram, kuma su ne tsadar.

Da na kai maganar gaban dangi, wani yayana ya ce, "Ƙane, ka mayar da kusoshin mu sayar. Shi ya taya, ba mu muka tilasta shi ba, kuma kuɗin marayu ne." Ba maganar banza ya yi ba, don jika 60 a shekarar da gero ya yi tsada ba abin wasa ba ne. Na ce masa, "Yaya, da ban buɗe ba da wata magana ce. Yanzu mun san aibin, ɓoye shi a ciniki haramun ne, kuma marayun ne za su ci." Liman ya goyi bayan a faɗa. Muka kira mai kiɗan, na nuna masa ramukan da inuwar da'irar. Ya yi shiru, sannan ya ce shi a wajen biki babu mai jin bambanci, amma tunda an faɗa sai a rage. Ya ɗauki na biyun da amfilifaya a kan jika 25. Na farkon ni na saya a kan jika 30, bayan mutum 2 da ba su cikin magada sun yi masa kuɗi, aka zuba a cikin gado.

Da na je Damagaram na bi ta rumfar mai gyaran, ko tsohon kwanon yana nan a ƙarƙashin tebur. Ɗansa na tarar. Ya ce duk irin waɗannan 'yan gwangwan suke kwashewa a kan kilo, maganaɗisun kuma yaran unguwa ne ke fasa su, su ɗaura a zare suna jan baƙin yashi da su a kan hanya.